Yadda za ka sa wa kwamfutar hannunka faifan SSD ba tare da ka rasa kayanka ba

A ƴan watannin nan tambaya guda ce ke ta zuwa mini, daga ɗaliban jami'ar André Salifou, da malaman makaranta, da masu ƙananan shagunan buga takardu a Zengo da Sabon Gari: "Malam, ordi ɗina ta yi nauyi. Sai in kunna ta, in je in yi alwala in dawo, ba ta gama tashi ba. In sayar in sayi wata?" Mafi yawan lokaci amsata ita ce a'a. Kwamfutocin okaziyo da ke shigo mana Damagaram, su HP da Dell da Lenovo, injinsu bai gaji ba. Faifan ajiyarsu ne ke riƙe su, wanda masu gyara ke kira disk dur. Faranti ne a ciki mai juyawa sau 5400 a minti ɗaya, da allura tana bin sa tana lalubar abin da ka kira, kuma in ya yi ƙoƙari ya ba ka megabayit 100 a daƙiƙa. SSD kuwa, faifan ajiyar da za ka sa a madadinsa, ba abin da ke motsi a cikinsa, kuma ko talakan cikinsu yana kai wa wajen megabayit 500.

Ga yadda nake yin aikin, daki-daki. Ka karanta har ƙarshe kafin ka sayi komai, domin yawancin asarar da na gani tun a wurin saye da wurin kwashe kaya take faruwa.

1. Tabbatar faifan ne matsalar

Danna Ctrl da Shift da Esc a tare. Taga za ta buɗe, ka shiga sashen Performance, ka duba inda aka rubuta Disque 0, ko Disk 0 in Windows ɗinka na Ingilishi ne. A ƙarƙashinsa za ka ga HDD ko SSD. In ka ga HDD, kuma lambar tana maƙale a 100% alhali ba ka buɗe komai ba, to ka kama ɓarawon.

Duba RAM ma tun kana wurin, wato inda kwamfuta ke riƙe abin da take aiki a kansa a lokacin. In giga 4 ce kuma kullum a cike take, SSD zai gyara tashi da buɗe manhaja, amma in ka tara shafukan intanet da yawa za ta ci gaba da numfarfashi. Irin wannan, in aljihu ya yarda, a ƙara ta zuwa 8 a buɗewa ɗaya.

2. Gano irin bakin da kwamfutarka ke da shi

Nan ne mutane suka fi jefar da kuɗinsu. SSD ba iri ɗaya ba ne.

Akwai mai inci 2.5, wanda girmansa da bakinsa daidai suke da na tsohon faifanka. Bakin SATA ke nan. Kusan duk kwamfutar da ta zo da disk dur mai juyawa za ta karɓi wannan, ka cire wancan ka sa shi a gurbinsa. Shi ne hanyar da ba ta da rikici, kuma shi nake ba mafi yawan mutane shawara.

Akwai M.2, ɗan siriri kamar tsinken cingam mai faɗi, da ake sokewa kai tsaye a jikin allon kwamfutar, wato babban allon da ke cikinta wanda komai ke haɗe da shi. Wanda ya fi yawa shi ne 2280, wato faɗinsa milimita 22, tsawonsa 80. Akwai gajeru, 2242 da 2230, don haka ka auna gurbin. Sannan akwai mSATA a wasu tsofaffin ThinkPad irin su X230 da T430, wanda ya yi kama da M.2 amma ba ya shiga bakinsa.

Gargaɗi: M.2 kansa kashi biyu ne, na SATA da na NVMe. Na NVMe ya fi gudu nesa ba kusa ba, yana iya kai wa megabayit 3500 a daƙiƙa, amma ba kowace kwamfuta ke gane shi ba. Na SATA yawanci yanka biyu gare shi a bakinsa, na NVMe yanka ɗaya. Abin takaicin shi ne wani lokaci faifan ya shiga ramin lafiya lau, kwamfutar kuma ta ƙi ganinsa. Saboda haka ka juya kwamfutarka, ka karanta cikakken sunanta da lambarta a ƙasa, ka nemi littafin gyaranta a intanet. HP da Dell da Lenovo duk suna sakin nasu kyauta, da hotunan kowane noti. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne ka buɗe murfin ka gani da idonka, ka ɗauki hoto ka tafi da shi shago.

Wasu ƙananan kwamfutoci masu giga 32 ko 64, irin HP Stream, ajiyarsu eMMC ce, an like ta da dalma a jikin allo, ba a cire ta. Haka ma MacBook na shekarun baya-bayan nan. In irin wannan gare ka, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan zai canza maka.

3. Saye, da abin da za ka kashe

Mai giga 128 ban cika so ba. Windows da Office da sabuntawa za su cinye fiye da rabinsa, wata biyu ka fara share hotuna. Giga 256 ya ishi ɗalibi ko mai aikin ofis. Mai tara bidiyo da hotunan biki ya nemi 512.

Ka sani lambar da ke jikin kwali ba ita Windows zai nuna ba. Mai 256 zai fito 238, mai 512 ya fito 476, mai tera 1 ya fito 931. Ba cuta ba ce, lissafin ne ya bambanta. Amma ka riƙe wannan lambar, za ta yi amfani a mataki na 6.

Maganar kuɗi: na ƙarshe da na saya wa wani malamin makaranta, mai inci 2.5 giga 256, wajen jika 20 na biya, mai 512 kuma ana neman sama da jika 30. Kada ka ɗauki wannan kamar an rubuta a dutse. Kayan ta Kano mafi yawansu ke shigowa, farashin yana bin canjin naira da saifa, don haka ka taya a shago biyu ko uku, a kasuwar Dole da cikin gari, kafin ka zaro kuɗi. Ban da faifan, kana buƙatar ƙaramin turnabis mai bakin kuros, da kilen USB mai aƙalla giga 8, da ɗan akwatin USB da ake sa faifai a ciki. Akwatin nan ƴan jikkuna kaɗan ne, kuma kada ka ji ƙyashin sayensa: da shi za ka kwafe, daga baya kuma shi zai zama gidan tsohon faifanka. In M.2 ka saya, akwatin ma sai mai karɓar irinsa.

Samsung, Crucial, Kingston, Western Digital da SanDisk sunaye ne sanannu, amma da yake sanannu ne su aka fi yi wa jabu. Gargaɗi: kada ka bar shago ba ka gwada ba. Ka je da kwamfutarka, ka sa faifan a akwatin USB, ka buɗe wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna CrystalDiskInfo. Za ta nuna maka sunan faifan na ainihi, da lafiyarsa, da awoyin da ya yi yana aiki. In an ce maka sabo ne ka ga awa 6000, ka mayar masa da kayansa. In araharsa ta yi yawa, ka gwada shi a gida da H2testw, wadda ke cika faifan da rubutu ta karanta, ta tona asirin wanda aka rubuta wa tera 1 alhali cikinsa bai kai ba. Ka yi magana da mai shago tun farko cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi, ya rubuta maka a takarda.

4. Kwashe kayanka

Bara wata ɗaliba ta zo mini da kwamfutarta a cikin jakar hannu, idonta ya kaɗa. Ta kai ta wani shago a sa mata SSD, yaron shagon ya sa, ya zuba sabon Windows, sannan ya yi wa tsohon faifan format tun ba ta dawo daga aji ba, wai zai ba ta shi a wanke. Memuwar ɗinta na ciki, babi uku, saura ƴan makonni ta kare shi gaban malamai. Ta ce, "Malam, don Allah ko rabi ne." Mun kwana biyu muna tono, muka samo babi biyu da wani tsohon kwafin na uku. Tun daga ranar ba na taɓa noti sai mai kaya ya nuna mini inda kwafinsa yake.

Ka kwashe Bureau da Documents da Téléchargements da Images zuwa kile ko wani faifai na waje. Abin da ya fi komai tsada a wurinka, takardun makaranta ko lissafin shago, ka aika wa kanka ta imel ko ka ɗora a Google Drive. Sannan ka buɗe biyu ko uku daga cikin kilen ka tabbatar suna buɗuwa. Ganin sunan fayil ba ya nufin fayil ɗin ya kwafu lafiya.

Gargaɗi: ka duba BitLocker, makullin da Windows ke sa wa faifai. Kwamfutoci da yawa da suka fito daga kamfanonin Turai da Amurka, da sababbi masu Windows 11, faifansu a kulle yake ba tare da mai ita ya sani ba. Rubuta BitLocker a wurin nema, ko ka duba Chiffrement de l'appareil a cikin saiti. In a kunne yake, ka kashe shi ka jira ya gama warwarewa, ko aƙalla ka rubuta mabuɗinsa mai lamba 48 a takarda. In ka cire faifai a kulle ba ka da lambar nan, ba mai gyaran da zai buɗe maka shi, daga nan har Yamai.

5. Zaɓi hanya: kwafe ko sabon zubi

Hanya biyu ce. Ko ka kwafe tsohon faifan gaba ɗayansa zuwa sabo, komai ya dawo yadda ka bar shi, har hoton fuskar allo. Ko ka zuba sabon Windows ka maido da kayanka da hannu.

In kwamfutarka tana aiki lafiya, nauyi ne kawai, kuma kana da manhajojin da ba ka da hanyar sake samunsu, ka kwafe. In kuwa ta cika da ƙwayar cuta irin ta kile, wadda ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi, ko tsohon faifan yana ƙara ƙas-ƙas, to sabon zubi ya fi. Ni kaina na fi son sabon zubi ga duk kwamfutar da aka saya okaziyo, don ba ka san abin da mai ita na farko ya bari a ciki ba.

6. In kwafe za ka yi

Da farko ka duba nawa ka cika a tsohon faifan. Girmansa ba shi ne abin dubawa ba, abin da ke ciki ne. Faifai mai giga 500 da ke ɗauke da 150 zai shiga mai 256. In yana ɗauke da 300, sai ka fitar da bidiyo da finafinai zuwa waje har ya sauka ƙasa da 200, don a bar wa sabon wurin numfashi.

Sa SSD a akwatin USB, ka soke a bakin da ke da shuɗi a ciki in akwai, shi ne mai sauri. Manhajar kwafe kuwa, Samsung na da tasa a cikin Samsung Magician, Crucial da Western Digital suna ba da Acronis kyauta ga mai faifansu, Clonezilla kuma kyauta ce ga kowa amma tana son wanda hannunsa ya saba. In manhajar ba ta ga sabon faifan ba, danna Windows da R, ka rubuta diskmgmt.msc, zai tambaye ka tsarin raba faifan, GPT ko MBR. Ka zaɓi irin na tsohon. Don ka sani, rubuta msinfo32 a wuri guda, ka duba layin Mode BIOS: in UEFI ne, GPT, in Hérité ko Legacy ne, MBR.

Gargaɗi, kuma wannan ka karanta shi sau biyu: manhajar za ta tambaye ka faifan da za a ɗauko daga gare shi, da wanda za a zuba a kansa. Duk abin da ke kan na biyun gogewa zai yi. In ka juya su, ka zuba fanko a kan kayanka. Kada ka dogara da lambar faifai, ka duba suna da girma. Sannan ka zaɓi faifan gaba ɗaya, ba ɓangaren C da Windows ke ciki kaɗai ba, domin akwai ƙananan ɓangarori a ɓoye waɗanda in babu su Windows ba zai tashi ba.

Aikin yana cin daga minti 40 zuwa awa 3, gwargwadon yawan kaya da bakin USB. Ka bar caja a jiki, ka hana kwamfutar yin barci a cikin saiti. In batirinka ya mutu, kamar na yawancin okaziyo, kada ka fara sai a inda akwai sola ko janareta, don in kuran ya ɗauke a tsakiya sai dai ka sake daga farko. A watan Afrilu da Mayu kuma ka yi shi da sassafe ko da dare, ka ɗaga kwamfutar a kan littattafai biyu iska ta shiga ƙarƙashinta, kada ka ajiye ta a kan katifa. In kwafen ya yi ta tsayawa a wuri guda yana kawo kuskure, tsohon faifan ya fara ruɓewa ne. Kada ka matsa masa, koma sabon zubi.

7. In sabon zubi za ka yi

Ka shirya kilen tun kafin ka buɗe kwamfutar. Microsoft na da manhajar da ke haɗa shi, Media Creation Tool, ko ka sauke fayil ɗin Windows ka zuba da Rufus. Girmansa ya haura giga 5, don haka ka lissafa forfe ɗinka, ko ka nemi inda akwai wifi mai ƙarfi. Duk abin da ke kan kilen zai goge. Ka sauke direban wifi na kwamfutarka, wato ƴar manhajar da ke sa wifinta aiki, ka ajiye a wani wuri daban, saboda wani lokaci sabon Windows yana tashi ba intanet.

Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma yana neman wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0, kuma in injin na Intel ne, daga ƙarni na 8 zuwa sama. In taka ta cika sharaɗin, shi za ka zuba. Lasisi kuwa, in na gaskiya ne, a jikin allon kwamfutar yake, zai dawo da kansa da zarar ta hau intanet, muddin ka zuba irin wanda take da shi, Famille ko Professionnel.

8. Buɗe kwamfutar

Kashe ta gaba ɗaya: riƙe Shift yayin da kake danna Arrêter. Cire caja. In batirin na waje ne, zare shi. Sannan ka danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 don ragowar wuta ta fita.

Ka yi aikin a kan tebur, cikin ɗaki, ƙofa a rufe saboda ƙura. A lokacin hunturu ka san yadda hannu ke tsartar wuta in ka taɓa ƙofar mota ko ka cire rigar sanyi. Wannan ƴar wutar ta isa ta kashe abu a jikin allo. Kada ka zauna a kan darduma ko tabarmar roba, kuma ka taɓa ƙarfen taga ko ƙofa kafin ka sa hannu ciki.

Ga dabarar da nake yi da notuna: ina zana siffar bayan kwamfutar a farar takarda, duk notin da na kwance in ajiye shi a daidai wurinsa a zanen. Ba tsawonsu ɗaya ba. Dogo in ya shiga ramin gajere, sai ka ga ya ɓullo ta sama kusa da inda kake ɗora hannu. Wasu notunan suna ɓoye a ƙarƙashin robar ƙafa. In murfi ya ƙi ɗagowa, akwai notin da ka manta, kada ka yi masa ƙarfi. Tsofaffin Dell Latitude da ThinkPad suna da ƴar ƙofa ta faifai, noti ɗaya ko biyu ka zaro shi. Sirarar kuwa sai an ɗaga bayan duka, da tsohon katin roba ana bin gefe a hankali. Ba wuƙa, ba bakin turnabis. Da zarar ka buɗe, in batirin na ciki ne, abu na farko shi ne ka zare igiyarsa daga allo, ta kan robar, ba ta jan wayoyin ba. Ɗauki hoto da salularka kafin ka motsa komai.

Mai inci 2.5: kwance ƙarfen da ke riƙe da tsohon faifan, yawanci noti huɗu ne a gefe, ka mayar da shi jikin sabon ta fuska guda. Gargaɗi: a wasu HP da Dell akwai ƴar baƙar roba mai baki da ke maƙale a bakin tsohon faifan har ka ɗauka jikinsa ce. Sai ka zare ta ka sa wa sabon, in ba haka ba ba zai zauna ba. A wasu kuma igiya ce siririya kamar leda, tana yagewa da ƙaramin ja, kuma samun irinta a garin nan wahala ne. SSD kaurinsa milimita 7 ne, wasu tsofaffin faifai 9.5, don haka in yana rawa a gurbin ka sa masa robar da ta zo cikin kwali.

M.2: soke shi a karkace kaɗan, har zinariyar bakinsa ta ɓace cikin ramin, sannan ka kwantar da shi ka ɗaure da ɗan notinsa. Notin nan sau da yawa ba ya zuwa da faifan, ka tambayi mai shago tun a can. In tsohon faifan zai ci gaba da zama a ciki tare da M.2, ka cire shi tukuna har sai sabon ya tashi shi kaɗai. Barin su biyu a tashin farko yana sa Windows ya ajiye mabuɗin tashinsa a kan tsohon, ranar da ka cire shi kwamfutar ta ƙi tashi.

Mayar da igiyar batiri, ɗora murfi, amma kada ka ɗaure notuna duka sai ka gwada.

9. Tashin farko

In kwafe ka yi, kunna kawai. In ta ce ba ta ga abin tashi ba, shiga BIOS, saitin da ake buɗewa da danna wani maɓalli da zarar ka kunna ta: F10 a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad. Duba ko sunan sabon faifan ya fito. In bai fito ba, bai zauna daidai ba ko ba irinsa ba ne. In ya fito, ɗaga shi ya zama na farko a jerin tashi. Gargaɗi: kada ka taɓa saitin SATA, inda aka rubuta AHCI ko RAID, a kan Windows ɗin da aka kwafo, shuɗin allo zai ba ka.

In sabon zubi ne, soke kilen, ka danna F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo, ka zaɓe shi. A wurin zaɓen faifai ka nuna sararin da ba a raba ba, Windows zai raba da kansa. Wasu kwamfutoci masu Intel ƙarni na 11 zuwa sama ba sa nuna faifan a nan sai an loda direban Intel RST daga kile, wanda ake samu a shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar.

10. Bayan ta tashi

Koma diskmgmt.msc ka duba ko akwai sarari baƙi da ya rage ba a amfani da shi. In yana manne da C, danna dama a kan C ka faɗaɗa. Kada ka zuba wata manhajar da ke cewa za ta tattara faifai ko ta ƙara masa gudu, Windows ya san yadda ake kula da SSD. Ka bar masa aƙalla kashi 15 cikin 100 fanko, don in ya cika maƙil gudunsa raguwa yake yi.

Tsohon faifan ka sa shi a akwatin USB ka ajiye a aljihun tebur mako biyu, kada ka goge komai. A cikin kwanakin nan ne za ka tuna da takardar da ke wani lungu, ko kalmar sirrin da ke cikin tsohon burauza. Bayan nan sai ka yi masa format ya zama rumbunka. Disk dur kan yi ƙara ya yi nauyi kafin ya mutu, SSD kuwa yakan tafi rana ɗaya ba sallama, kuma tono kaya daga cikinsa ya fi wuya ƙwarai, don haka duk Juma'a ka soke akwatin ka kwafe abin da ka yi a makon. In kuma sayar da tsohon za ka yi, cire alamar Formatage rapide kafin ka danna, ka bar shi ya yi doguwar gogewa ko da za ta ci awoyi, domin gajeriyar ba ta hana wanda ya saya tono hotunan iyalinka.